Yadda ake tara katunan tunawa da amincewa da tsarin mulkin Amurka

Abu na farko da mai son tara waɗannan katuna zai riƙe shi ne, rattaba hannu daban, amincewa daban. Ranar 17 ga Satumba, 1787, wakilai 39 suka sa hannu a kan kundin tsarin mulkin Amurka a birnin Philadelphia, bayan sun shafe kusan wata huɗu suna tafka muhawara a ɗakin da aka hana kowa jin abin da ake faɗa a ciki. To amma takardar da suka fito da ita ran nan ba doka ba ce tukuna. Sashe na bakwai na kundin ya ce ba zai fara aiki ba sai jihohi tara daga cikin goma sha uku sun kira babban taro, kowace a gidanta, sun amince. Abin da aka yi a Philadelphia sa rana ne, ɗaurin auren a jihohi aka yi shi, ɗaya bayan ɗaya, kuma sai da aka kwashe shekara biyu da rabi kafin ta ƙarshe ta shigo.

Na fara da wannan ne domin yawancin katunan da za ka ci karo da su a kasuwa na sa hannun ne, masu sayarwa kuma sukan liƙa musu sunan amincewa, wasu don rashin sani, wasu don kaya su fita. A ganina labarin amincewar ya fi daɗi, ya kuma fi ba mai tarawa aikin yi. Sa hannu rana ɗaya ce a ɗaki ɗaya. Amincewa kuwa garuruwa goma sha uku ne da ranaku goma sha uku, wasu an wuce salin-alin, wasu da ƙyar da jiɓin goshi.

Saboda haka kafin ka kashe ko sisi, ka samu takarda ka rubuta jerin ranakun. Sunayen jihohi da garuruwa zan kawo su yadda ake buga su a hatimin gidan waya, don da haka za ka gane su a kan kati. Delaware ce ta fara, ranar 7 ga Disamba, 1787, a garin Dover, wakilai 30 duka suka yarda, babu wanda ya ƙi. Pennsylvania ta biyo ranar 12 ga Disamba da ƙuri'a 46 da 23, New Jersey ranar 18 ga watan a Trenton. Da shekara ta juya sai Georgia ranar 2 ga Janairu, 1788, a Augusta, Connecticut kuma ranar 9 ga Janairu a Hartford. Daga nan hanya ta fara wuya. A Boston, ranar 6 ga Fabrairu, Massachusetts ta amince da ƙuri'a 187 da 168, shi ma sai da masu goyon baya suka yarda a haɗa da shawarwarin gyara. Maryland ta shigo ranar 28 ga Afrilu a Annapolis, South Carolina ranar 23 ga Mayu a Charleston. Ta taran da ake jira ita ce New Hampshire: taronta na farko a Exeter cikin Fabrairu ya tashi ba a yanke komai ba, aka sake zama a Concord, ranar 21 ga Yuni, 1788, aka amince da ƙuri'a 57 da 47. Ran nan ne sharaɗin ya cika. Virginia ta zo bayan kwana huɗu, 25 ga Yuni, a Richmond, 89 da 79. New York ranar 26 ga Yuli a Poughkeepsie, 30 da 27. North Carolina ta zauna a Hillsborough a 1788 ta ƙi amincewa, sai ranar 21 ga Nuwamba, 1789, a Fayetteville. Rhode Island, wadda tun farko ba ta ma tura wakili Philadelphia ba, ita ce kurar baya: 29 ga Mayu, 1790, a Newport, da ƙuri'a 34 da 32, lokacin George Washington ya fi shekara guda yana shugabanci.

Wannan takarda ita ce ma'auninka. Duk katin da ya zo hannunka, a kanta za ka gwada shi.

Irin katunan da ake samu

Iri uku ne, kuma bai kamata a cuɗa su ba. Akwai katin hoto na kamfanoni, wanda ake sayarwa a shaguna da wuraren yawon buɗe ido: hoto a gaba, baya kuma wurin rubutu da adireshi da gurbin liƙa kan sarki. Akwai katin gwamnati, wanda hukumar gidan waya ke bugawa da kan sarkinsa a jiki, ba sai an liƙa ba. Daga cikin waɗannan guda biyu sun shafi zancenmu kai tsaye: na senti 14 da ya fito ranar 25 ga Mayu, 1987, a Philadelphia, don cikar shekara 200 da buɗe babban taron, da na senti 15 da ya fito a New York ranar 27 ga Oktoba, 1988, don tunawa da maƙaloli 85 da Alexander Hamilton da James Madison da John Jay suka rubuta suna lallashin mutanen New York su amince. A kundin Scott, wanda masu tara kan sarkin Amurka ke aiki da lambobinsa, na farko UX116 ne, na biyu UX126. Da lambar ake nema, ta fi saurin fito da abin da kake so.

Iri na uku shi ne wanda ya fi jan hankalina, 'yan kasuwa na kiransa maxicard. Katin hoto ne da aka liƙa wa kan sarki a gefen hoton, ba a baya ba, sannan aka buga hatimin gidan waya ya hau kan sarkin ya kuma taɓa katin. Ƙa'idarsa ita ce abu ukun nan su dace da juna: hoton katin ya nuna abin da ke kan kan sarkin, hatimin kuma ya zama na garin da abin yake, da ranar da ta dace. Masu tsananta ƙa'ida ba sa karɓar katin da hotonsa kwafin kan sarkin ne kawai aka ƙara wa girma. Suna son hoto mai zaman kansa, wanda ya yi daidai da kan sarkin ba tare da ya kwaikwaye shi ba. Kamfanoni irin su Fleetwood sun buga irin waɗannan katuna da yawa don masu tarawa, masu tsabta da kyan gani. Akwai kuma waɗanda mutum ɗaya ya haɗa da hannunsa: ya sayi kati a shago, ya liƙa kan sarki, ya tafi gidan wayar garin ya roƙi ma'aikaci ya buga masa hatimi. Irin wannan hatiminsa kan karkace, tawadar kan yi ɗan nashe-nashe, amma ni shi na fi daraja, domin akwai ƙafar mutum a cikinsa.

Kan sarki goma sha uku, da tarkon da ke cikinsu

Tsakanin 1987 da 1990 hukumar gidan wayar Amurka ta fitar da kan sarki goma sha uku, kowace jiha ɗaya, bisa jerin da suka amince. A kundin Scott suna daga lamba 2336 zuwa 2348. Bakwai na farko, daga Delaware zuwa Maryland, na senti 22 ne. Ranar 3 ga Afrilu, 1988, kuɗin aika wasiƙa ya tashi, don haka shidan da suka rage, daga South Carolina zuwa Rhode Island, na senti 25 ne. Wanda ya haɗa katuna goma sha uku masu ɗauke da waɗannan ya samu ƙashin bayan tarinsa.

Sai dai a nan ne ake yawan zamewa. Mutum zai ga an rubuta ranar fitowa ta farko a hatimi, sai ya ɗauka ita ce ranar da jihar ta amince. Ga bakwai daga ciki haka ne: Connecticut, Massachusetts, South Carolina, New Hampshire, Virginia, New York da Rhode Island, duk an fitar da kan sarkinsu daidai ranar cikar shekara 200. Sauran shidan kuwa a'a. Na Delaware ya fito ranar 4 ga Yuli, 1987, wata biyar kafin lokacinsa. Na Pennsylvania 26 ga Agusta, na New Jersey 11 ga Satumba, na Maryland 15 ga Fabrairu, 1988, na North Carolina 22 ga Agusta, 1989. Ga waɗannan jihohi kana da zaɓi biyu: katin ranar fitowa, ko katin da aka buga wa hatimi ranar cikar shekarar ta gaskiya, misali kan sarkin Delaware da hatimin Dover na 7 ga Disamba, 1987. Na farkon ya fi yawa a kasuwa. Na biyun ya fi gaskiya ga tarihi, kuma idan ka same shi kada ka yi jinkiri.

Georgia ce ta fita daban. Ta amince ranar 2 ga Janairu, amma kan sarkinta bai fito ba sai 6 ga Janairu, 1988. Ke nan idan aka kawo maka kati mai kan sarkin Georgia da hatimin 2 ga Janairu, 1988, ka tsaya ka yi tambaya, domin ran nan ba a fara sayar da shi ba. Maryland kuma tana da nata ɗan ruɗani: ranar 28 ga Afrilu, 1988, kuɗin wasiƙa ya riga ya zama senti 25, kan sarkinta kuwa na 22 ne. A kan ambulan sai an ƙara masa wani. A kan kati ba matsala, tunda kuɗin aika kati a lokacin senti 15 ne.

Bayan rana sai gari. Dubi New York: a Poughkeepsie aka amince, kan sarkin yana nuna Federal Hall da ke cikin birnin New York, inda Washington ya yi rantsuwar kama aiki ranar 30 ga Afrilu, 1789, bikin fitowarsa kuma a Albany aka yi. Gari uku a kati ɗaya. Na Virginia yana nuna tsohon ginin majalisa na Williamsburg, a can kuma aka fitar da shi, alhali taron a Richmond ya zauna. Na Pennsylvania yana nuna Independence Hall da ke Philadelphia, amma hatimin ranar farko na Harrisburg ne, fadar jihar ta yanzu. Na Rhode Island yana nuna masaƙar Slater da ke Pawtucket, wadda ba ta da alaƙa da taron Newport. Ba wai waɗannan katuna na jabu ba ne. Abin nufi ka san me kake riƙe da shi, ka kuma yanke wa kanka hukunci tun da wuri: hoton kan sarki za ka bi, ko garin da aka kaɗa ƙuri'a? Shawarata ka ba kowace jiha shafi guda mai kati biyu, ɗaya mai kan sarkinta, ɗaya tsohon katin hoto na garin taron. Ta haka shafin zai ba da labarin da kansa.

Wasu gine-ginen suna nan har yau, katunansu kuma ba su da wuyar samu: fadar majalisar Maryland a Annapolis, da ginin Exchange a Charleston. Masaukin da wakilan Delaware suka zauna a Dover kuwa, Golden Fleece, an rushe shi tun ƙarni na 19, kafin a san katin hoto, don haka abin da za ka samu sai hoton dandalin garin inda yake a da. Kan sarkin New Hampshire ma yana da nasa labarin. Yana nuna wani dutse mai kama da fuskar tsoho, wanda jihar ke alfahari da shi, dutsen kuwa ya rufto ranar 3 ga Mayu, 2003. Katunansa yanzu shaida ce ta abin da babu.

Akwai abin da katunan ba sa nunawa, kuma bai kamata mai tarawa daga nahiyarmu ya wuce shi ba. Kundin da aka amince da shi ya hana majalisa dakatar da shigo da bayi kafin 1808, ya kuma ce wajen rabon kujeru a ƙidaya kashi uku cikin biyar na yawan bayi. A gefen wannan gini na Exchange da ke Charleston, inda aka amince da tsarin mulki, an daɗe ana gwanjon 'yan Afirka. Katin zai nuna maka gini fes da sararin sama shuɗi. Idan ka zo rubuta bayanin shafin South Carolina, ka sa wannan a ciki.

Kafin kan sarkin cikar shekara 200 akwai na cikar shekara 150, kuma su ma guda biyu ne da ake rikitawa. Na senti 3 da ya fito ranar 17 ga Satumba, 1937, lamba 798, na sa hannu ne, an ɗauko shi daga zanen Junius Brutus Stearns. Na senti 3 da ya fito ranar 21 ga Yuni, 1938, lamba 835, shi ne na amincewa: mahaya biyu da dawakansu a gaban tsohon ginin kotu na Williamsburg, za su bazu da labari. Ranar ta dace da ta New Hampshire. Dukansu a Philadelphia aka fitar da su. An fi samunsu a kan ambulan, shi ya sa wanda ya zo a kan kati ya cancanci a ba shi wuri mai kyau.

Gane shekarun tsohon kati

Ka fara da abin da ba zai yiwu ba. Katin gidan waya na farko a duniya ya fito ne a daular Ostiriya da Hangari a 1869, na gwamnatin Amurka a 1873, katunan hoto kuwa ba su yaɗu a can ba sai daga baje kolin Chicago na 1893. Don haka babu katin da aka buga a zamanin amincewar, duk wanda ka gani na tunawa ne. Ko wanda aka ce maka katin hoto ne na bikin cikar shekara ɗari, a 1887, sai ka bincika sosai kafin ka yarda.

Daga nan ka juya katin, domin baya ya fi gaba faɗin gaskiya. Idan babu layin da ya raba bayan gida biyu, adireshi kaɗai aka tanadar wa wuri, to kafin 1 ga Maris, 1907 ne, ranar da Amurka ta yarda a yi rubutu a gefen adireshi. Irin waɗannan za ka ga mai aikawa ya cusa saƙonsa a ɗan farin da ke ƙarƙashin hoto. Daga 1907 zuwa yaƙin duniya na farko yawancin masu kyau a Jamus aka buga su, ana kuma rubuta haka da ƙananan haruffa a gefe. Bayan nan sai masu farin baki kewaye da hoto, wajen 1915 zuwa 1930. Sai na takarda mai saƙa-saƙa kamar yadi, masu launi mai kauri, daga wajen 1930 zuwa tsakiyar shekarun 1940 da ɗan abin da ya biyo. Ka shafa da yatsa za ka ji saƙar. Waɗannan ne zamaninsu ya dace da bikin shekara 150. Masu sheƙi kamar hoton kamara mai launi sun fara a 1939, su ne kuma suka mamaye kasuwa bayan yaƙin duniya na biyu har zuwa yau.

Ƙananan alamu na taimakawa. Idan adireshin kamfanin da ya buga katin yana da lambar yanki mai alƙaluma biyar, to bai riga 1963 ba, shekarar da aka fara aiki da ita. Idan gurbin kan sarki ya ce senti ɗaya, galibi kafin 1952 ne. Kamfanin Curt Teich na Chicago, wanda ya buga katunan saƙa-saƙa masu ɗimbin yawa, ya sauƙaƙa wa mai bincike: lambar da ke jikin katinsa tana faɗin shekara. Harafin A na shekarun 1930 ne, B na 1940, C na 1950, alƙalamin da ke gaban harafin kuma shi ne shekarar. Wato 7A na nufin 1937, 8A kuma 1938. Katin Independence Hall mai lamba da ta fara da 7A ko 8A, ga kan sarkin bikin a kansa, ga hatimin lokacin, abu ne da ya haɗu ta ko'ina.

Ka tuna hatimi na faɗin ranar da aka aika kati ne kawai. Kati na iya kwana shekara ashirin a shago kafin a saya. Hatimin ranar fitowa ma ba lallai ran nan aka buga shi ba, domin hukumar kan ba masu tarawa wa'adi na wasu makonni su aiko da kayansu a buga musu da ranar farko. Wannan halas ne a wajensu, amma yana da kyau ka sani.

Hoton ma sai an karanta shi. Zanen da aka fi sawa a katunan sa hannu shi ne na Howard Chandler Christy, wanda ke rataye a ginin majalisar dokoki a Washington: George Washington a tsaye a kan ɗan dandamali daga dama, Benjamin Franklin a zaune a tsakiya. A 1940 aka gama shi, don haka katin da ke ɗauke da shi ba zai zama na 1937 ba. Akwai kuma zanen John Trumbull, wanda ke bayan takardar dala biyu, inda mutum biyar ke tsaye gaban tebur suna miƙa takarda. Wannan na shelar 'yancin kai ne ta 1776, ba shi da haɗi da tsarin mulki sai dai ginin ɗaya ne. Sau da yawa za ka gan shi an jera cikin katunan tsarin mulki. Ka wuce shi.

Saye

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce waɗannan katuna ba jari ba ne. An buga kan sarkin da miliyoyi, katunan kamfanoni ma da yawa aka yi su, mutane kuma sun adana su tun daga ranar farko. Duk wanda ya ce maka ka saya ka ajiye za ka yi arziki, kayansa yake son rabuwa da su. Daɗin abin shi ne araharsa: mai ƙaramin ƙarfi na iya haɗa cikakken jeri a hankali. A shafukan eBay da Delcampe ake samun mafi yawa, kuma ga wanda ke nesa da Amurka kuɗin aikowa kan fi kuɗin katin. Maganinsa ka nemi mai sayarwa ɗaya da ke da katuna da yawa, ka haɗa su a aiko maka a ƙunshi guda, ka roƙe shi ya sa su tsakanin kwali biyu masu tauri a cikin leda.

Kada ka sayi katin da ba a nuna maka bayansa ba. Ka duba kusurwoyi huɗu, ko sun lanƙwashe ko sun cinye. Ka duba ko akwai karaya, wadda takan ɓuya a hoto amma ta fito idan aka karkata katin ga haske. Ka duba ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa, alamar danshi ya taɓa shi, da ɓarɓashin baƙar takarda a baya, alamar an taɓa manna shi a littafi aka ɓamɓaro. Idan kaya sun iso, ka sa gilashin ƙara girma a kan hatimin. Layin tawadar ya kamata ya taso daga kan sarkin ya sauka kan katin ba tare da yankewa ba. Idan rabin hatimin yana kan kan sarki, a kan katin kuma babu ci gabansa, to daga wani wuri aka ciro kan sarkin aka liƙa.

Wasu ba sa son katin da aka yi rubutu a kansa. Ni ban bi su ba. Katin da wani ya aika wa mahaifiyarsa daga Philadelphia a 1938, da rubutun alƙalami ya ɗan dushe, ya yi aikin da aka yi shi dominsa, hatiminsa kuma ya ba ka ranar da ba a gardama a kanta.

Ajiya

A nan ne ƙasarmu ke da nata hukunci. Takardar da ta shekara tamanin lafiya a ɗaki mai sanyi na iya lalacewa a damina ɗaya. Danshi na kawo fumfuna, yana kuma sa katunan masu sheƙi su manne da juna, in ka ja sai fuskar hoto ta biyo. Hunturu na busar da kati ya lanƙwashe, ƙura ta shiga ta karce shi. Ga gara, ga kyankyaso mai son gam ɗin bayan kan sarki.

Kowane kati ya samu aljihun ledarsa. A nemi wadda aka yi da polypropylene ko polyester. A guji ta PVC, mai taushi da warin sabuwar roba, domin da zafi takan yi gumi mai maiƙo ya ɓata tawada. A jera katunan a tsaye cikin akwati mai murfi, kada a danne su a kwance, a jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa sauya su. Akwatin kada ya zauna a ƙasa, kada ya jingina da bango, kada kuma a ɗora shi can sama kusa da kwano inda zafi ke taruwa. Tsakiyar kabad ya fi. Da damina ta tsaya a buɗe shi a inuwa ya sha iska, a duba kowane lungu.

Abu ɗaya da nake roƙo da babbar murya: kada a kai kati a yi masa laminatin. Mun saba yi wa takardun shaida haka don tsoron ruwa, amma zafin injin da gam ɗinsa suna kama takarda har abada, katin da aka yi wa haka kuwa ya tashi daga abin tarihi, babu mai tarawa da zai karɓe shi. Haka salatif, da gam, da kilif mai tsatsa, da robar ɗaure kuɗi wadda ke narkewa ta bar tabo. Idan za a manna a shafi, akwai 'yan kusurwoyin leda da ake saka katin a ciki ba tare da gam ya taɓa shi ba. Wanda yake son ya rataye a falo ya sa a yi masa kwafi mai launi ya rataye, na asalin ya zauna a duhu, domin hasken rana na cinye ja da ɗorawa cikin 'yan watanni. Hannu kuma a wanke a bushe, a kama katin ta gefe.

Kada a yi rubutu a jikin kati, ko da fensir, balle biro. A samu littafi daban, kowane kati da layinsa: jiha, ranar amincewa, garin taro, abin da hoton ke nunawa, lambar kan sarki, gari da ranar hatimi, kamfanin da ya buga, inda aka saya da nawa. Lambar layin sai a rubuta ta a ɗan farin takarda a liƙa a jikin ledar. Wajen jerawa a bi ranakun amincewa, ba haruffa ba: katin buɗe taro da na sa hannu a gaba, sai Delaware har zuwa New Hampshire, inda kan sarkin 1938 zai zauna tunda ranarsu ɗaya, katin maƙalolin Hamilton da abokansa kuma a shafin New York. Bayan Rhode Island a bar shafi guda don gyare-gyare goma na farko, waɗanda jihohi irin su Massachusetts da Virginia da New York suka nace a yi, aka kuma tabbatar da su ranar 15 ga Disamba, 1791.